Duwatsu Huɗu da Hannun Nomau

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafe ta da duwatsu, ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya ba ɗan Adam yatsu goma ya ce ya yi aikin ƙwarai da su. Ni ne Jatau ɗan Maikanwa, mutumin Tsamiya Bakwai. Na taka ƙasashe goma sha ɗaya, na sha ruwan kogunan da ban san sunansu ba, na ga abin mamaki har ido ya gaji. Amma yau ban zauna don in burge kowa ba. Akwai abin da ya tokare mini ƙirji shekara goma sha tara, shi nake so in sauke.

Ina saurayi wani falke ya sauka garinmu da wata takarda a cikin kayansa. An zana fure a jikinta mai ganye ɗari, kuma duk da layi ɗaya tak aka yi shi, ba ka ganin inda ya fara balle inda ya ƙare. Falken ya ce a Birnin Lilo ake wannan sana'a. Daga ranar ban ƙara samun natsuwa ba, na ce sai na je na koya.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, sunansa Nomau. Ya girme ni da shekara goma sha biyu, sana'arsa tufkar igiya, kuma ba mai yawan magana ba ne sai in tsokanata zai yi. Da ya ji zan tafi sai ya naɗe tabarmarsa ya biyo ni.

Na ce, “Yaya, kai kuma ina za ka?”

Ya ce, “In na bar ka kai kaɗai, kafin ka kai mararraba kura ta samu kalaci. Kai da ko mazugin wandonka ba ka iya ƙullewa ba.”

Wata bakwai muka yi a hanya kafin mu hango Birnin Lilo. Gari ne sukutum a rataye tsakanin manyan duwatsu biyu, da igiyoyi masu kaurin gindin kuka. A ƙarƙashinsa akwai kwazazzabon da in ka jefa dutse ba za ka ji faɗuwarsa ba. A cikin kwando ake jawo baƙo sama. Garin ba ya daina lilo, don haka kowace tukunya da ƙugiyarta, kowane akushi da igiyarsa, kuma uwa ba ta wahalar jijjiga jariri. Ni kwana bakwai na yi ina amai. Nomau kuwa tun rana ta biyu yake yawo yana duba ƙullin igiyoyinsu yana gyaɗa kai.

Ga yadda suke zanen. Akwai allon ƙarfe mai nauyi, a shimfiɗa takarda a kansa. A ɗora babban zoben katako mai haƙora ta ciki, mai kunnuwa huɗu ta waje. Sai a sa ƙaramin faifai mai haƙora a cikin zoben, a zura alƙalami a hudar da ke jikinsa, a riƙa juya shi haƙori na shiga haƙori, alƙalami na fitar da ganyen fure. Da yake garin ba ya tsayawa, zobe ba ya zama da kansa. Shi ya sa aikin na mutum biyu ne, mai ja da mai riƙo. Mai ja ya juya faifai, mai riƙo ya danne kunnuwan zobe da yatsunsa. Ni na zama mai ja, Nomau ya zama mai riƙona.

Shugabar Gidan Allo, inda ake koyon sana'ar, wata tsohuwa ce, Iya Tasalla. Ita ta karanta mana doka. Wanda ke son a kira shi gwani zai zana fure mai ganye dubu daga hantsi zuwa la'asar, alƙalami ba zai tashi ba, kuma layin ya dawo ya haɗu da mafarinsa. Sau uku ake gwadawa. In an ci, a rubuta sunan mai ja da na mai riƙonsa a bango, su zama 'yan gari. In an faɗi sau uku, a sauke su a kwandon da ya kawo su.

Kowane mai ja shi ke sassaƙa faifansa. Shekara guda na yi ina sassaƙa nawa da itacen kanya, haƙori casa'in da shida. Da na gama na ji duk duniya ba wanda ya kai ni. Muka riƙa yin ƙananan zane-zane a gida, layi na haɗuwa lafiya lau. Abu ɗaya ne ke ba ni haushi. Jifa-jifa sai in ji zoben ya ɗan motsa ƙarƙashin yatsun Nomau, motsin da bai fi ƙiftawar ido ba. Na ce a raina tsufa ne ya fara taɓa shi.

Ranar gwajin farko, ina ganin jama'a sun kewaye mu, na ji motsin nan. Na ce ƙasa-ƙasa, “Yaya, don Allah ka tsayar da hannunka.” Ya dube ni, ya tsayar. Da la'asar layina ya dawo ya wuce mafarinsa da faɗin ƙwayar gero. Bayan shekara muka sake, na sake yi masa tsawa tun da wuri, layin ya sake kucewa.

Da muka koma masauki ya ce, “Jatau, akwai haƙori ɗaya a faifan nan da ke tuntuɓe. Motsin nan da kake ji kuwa...”

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, “Hannunka ne ke rawa, za ka ɗora wa faifaina! Wallahi ka ƙara sa bakinka a faifan nan, na yanke zumuncin da ke tsakaninmu.”

Nomau kuwa in ka rufe masa baki sau ɗaya a kan magana, ya rufe ke nan. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen nasa.

Saura gwaji ɗaya. A kasuwa na ji labarin Dutsen Maye, wani tsibiri a tsakiyar Tafkin Tsatsa inda ake saro mayen ƙarfe, dutsen nan mai jan ƙarfe. Aka ce guntunsa kamar ƙwan zabo yana iya riƙe garma a sama. Nan take dabara ta faɗo mini. Allo na ƙarfe ne, zobe yana da kunnuwa huɗu. In na ɗora dutse ɗaya a kan kowane kunne, ƙarfen allo zai jawo shi ya danne zoben tam, ba rawa ba motsi, ba ni da sauran bukatar hannun kowa. Na ɗauki tsinke na auna faɗin kunnuwan, na ɓoye tsinken a hulata.

Sai dai ba zan iya zuwa ni kaɗai ba, don ban iya tuƙi ba, ban iya ƙulli ba. Na je na zauna kusa da Nomau na marairaice fuska.

Na ce, “Yaya, na ji an ce mayen ƙarfe maganin rawar hannu ne. In an ɗaura shi a tsintsiyar hannu kwana arba'in, sai hannu ya tsaya cak. Mu je mu samo maka.”

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “To, Allah ya saka da alheri. Ashe kana tunawa da tsofaffi.”

Wannan addu'ar har yau in na tuna ta sai in ji kunya ta rufe ni.

A bakin Tafkin Tsatsa ba a yarda ƙusa ta shiga ruwa. Kwalekwalensu ɗinka shi ake yi da igiya, kuma duk wani ƙarfe da ke jikinka sai ka ajiye, har allura. Nomau ya kwance ɗinkin wanda muka samu ya sake ɗinke shi da hannunsa, ya ce bai yarda da aikin wani ba. Ni kuwa na ɓoye wuƙata a cikin zani, na ce ba zan shiga ƙasar da ban sani ba hannu rabbana.

Rana ta biyu wani kifi ya taso, kansa kaɗai ya kai rumbu. Ya kai wa filafilinmu cizo ya karya ɗaya, ya dawo ya haɗiye ɗayan. Muka tsaya tsakiyar ruwa, ba iska ba abin tuƙi, kifin na kewaya mu yana matsowa. Ina cikin salati sai na ji wani abu na jan ƙuguna, har na fara zamewa zuwa gaban jirgin.

Nomau ya ce, “Me ke jikinka?”

Na ce, “Wuƙa ce, Yaya.”

Ya ce, “Yau dai taurin kanka ya yi rana. Miƙo ta.”

Ya ɗaure wuƙar a hancin kwalekwale da wani irin ƙulli, ya ce in kwanta in riƙe gefe. Dutsen da ko ganinsa ba mu fara yi sosai ba ya kama wuƙar nan ya riƙa jan mu. Tun muna tafiya kamar jaki har muka koma kamar doki a sukuwa, kifin ya bi mu ya gaji ya nutse. Da gaɓa ta matso na ga za mu tarwatse a jikin duwatsu, na fasa ihu. Nomau ya sa yatsa biyu ya ja bakin igiya sau ɗaya, ƙullin ya warware, wuƙar ta tashi sama tana kuka ta tafi. Kwalekwale ya sulala ya kwanta a kan yashi kamar an ajiye shi.

Dutsen Maye baƙi ne wuluk, kuma tun daga ƙasa har ƙololuwa a lulluɓe yake da ƙarfen mutanen da suka ƙi jin magana. Ga takubba, ga tukwane, ga sarƙoƙi, ga kwalkwalin yaƙi da tsuntsaye suka yi sheƙa a ciki. Can sama na hango wuƙata. Mai tsaron wurin wani tsoho ne, Baba Arzika, da gudumar dutse yake sara. Da ya miƙo hannu mu gaisa na ga yatsu biyu ne kawai a damansa.

Ya ce, “Kun gani? Dutsen nan yana son ƙarfe, amma ya fi son ɗan'uwansa. In biyu suka ji ƙamshin juna, duk abin da ke tsakaninsu ya zama gari. Don haka dokarmu, mutum ɗaya dutse ɗaya, kowanne a cikin akwatinsa na katako mai kauri. In kuma tsautsayi ya sa sun haɗu, kada ku ja, ba za su rabu ba. A sa itace a tura ɗaya gefe.”

Ya ba mu biyu, ya ba mu sababbin filafilai, ya nuna mana yadda za mu juya akwatunan su ba tsibirin baya don ya riƙa tura mu maimakon ya ja. Na yi godiya da baki, amma zuciyata na kan kunnuwa huɗu. Da tsohon ya ja Nomau ya nuna masa igiyar rijiyarsa da ta tsinke, na lallaɓa wurin saran na tsinci guntaye biyu. Na naɗe ɗaya a tsumma na tura shi ƙasan buhun garin guzurinmu. Ɗayan na sa a jakata. Duk tsawon komawa ina can ƙarshen jirgi rungume da jaka, buhu na ɗaya ƙarshen, Nomau na tsokanata wai ko amarya na ɓoye a ciki.

Mun sauka lafiya da hantsi. Na ce yunwa nake ji. Nomau ya jawo buhu ya kwance, ya zura hannunsa na dama har gwiwar hannu zai ɗebo gari ya dama mana. Ni kuma gajiya ta sa na sauke jakar daga kafaɗa na yar a ƙasa, taku ɗaya daga buhun.

Na ga jakar ta motsa. Na gan ta da idona tana jan ciki a kan yashi. Akwai lokacin da zan ce, “Yaya, cire hannunka!” Kalma uku ce. Amma in na faɗa zai tambaye ni dalili, asirina ya tonu. Na tsaya ina neman wata dabara, na miƙa ƙafa wai in take jakar.

Ƙarar da na ji kamar an fasa ƙwallon goruba ce. Nomau bai yi ihu ba, ya durƙusa kawai ya ce, “Innalillahi.” Garin buhun ya koma ja. Na yaga buhun na ga duwatsun biyu sun haɗe, yatsunsa uku na tsakani. Na kama ina ja kamar mahaukaci.

Ya ce, “Kada ka ja. Itace, Jatau. Tura gefe.”

Shi da ke cikin azaba shi ya tuna mini. Na sa guntun filafili na tura, suka rabu. Wani wanzami a ƙauyen gaba ya duba ya ce ba abin da za a ceto, ya cire ukun. Saura babban yatsa da ƙaramin. Nomau bai tambaye ni yadda aka yi duwatsu suka zama huɗu ba. Ni ma ban faɗa masa ba. Kuma, Allah ya yafe mini, ban zubar da su ba. Na sa aka yi musu akwatuna, na ɗauko su.

Ranar gwaji na uku na shiga Gidan Allo ni kaɗai da akwatuna huɗu. Iya Tasalla ta dubi bayana ta ce, “Ɗana, ina mai riƙonka?”

Na ce, “Ba shi da lafiya, Iya. Ga abin da zai riƙe mini.”

Na ɗora duwatsun ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya faɗa kan kunnensa ya kama allo, ƙaf. Wani ƙato ya zo ya tura zoben da ƙarfinsa, ko gezau. Jama'a suka ɗauki sowa. Iya Tasalla ta ce, “Doka ta ce kada alƙalami ya tashi. Ba ta faɗi abin da zai riƙe zobe ba. Bismillah.” Amma ba ta yi murmushi ba.

Na fara ja. Gari na lilo, zobe na nan daram. Raina ya yi fari, na ce yau za a san waye mai laifi. Na yi ganye ɗari, na yi ɗari biyu. Da babu hannun kowa da zan zarga, sai na fara jin abin da ban taɓa tsayawa na ji ba. Duk sanda faifan ya zagayo wani wuri sai ya yi ɗan tuntuɓe, ƙaramin tsalle, alƙalami ya goce da kaurin gashi. Na ƙirga. Daidai lokacin da zoben ya saba motsawa ƙarƙashin yatsun Nomau ne, ba gaba ba baya.

Ashe shekara uku yana jin haƙorin nan da yatsunsa, yana matsar da zoben ya tare shi, ya mayar kafin in farga. Abin da na kira rawar tsufa gyara ne yake yi mini. Sau biyu na hana shi, sau biyu muka faɗi.

Ba halin tsayawa, ba halin ɗaga alƙalami. Wajen ganye na ɗari bakwai, tazarar ta fito fili har mutane sun fara ƙus-ƙus. Sai na ji an zauna a gabana. Nomau ne, hannunsa naɗe da ƙyalle. Bai dube ni ba. Ya ɗora hagunsa a kunne ɗaya, ya ɗora abin da ya rage na damansa a ɗayan, ya saurara. Da haƙorin ya zagayo ya tura. Zoben bai motsa ba. Ya jira ya sake zagayowa, ya tura da ƙarfi har jini ya ɓullo ta ƙyallen. Duwatsuna sun yi aikin da na ɗauko su su yi.

Ya ce a hankali, “Ai kuwa ka ɗaure shi tam, ƙanena.”

Bai tashi ba. Ya zauna yana gwadawa a kowane zagaye har la'asar, ni ina ja hawaye na ɗiga a hannun rigata. Layin ya dawo ya wuce mafarinsa, wannan karon da faɗin ƙwayar masara. Iya Tasalla ta duba, ta dubi hannun Nomau, ta ce a kawo kwando.

Muna cikin kwandon ana sauke mu, gari na yin nisa a samanmu, na ce, “Yaya, ƙarya na yi maka. Ba magani na je nema ba. Na je ne in samo abin da zai maye gurbinka. Ni na sa dutse a buhu. Kuma na ga jakar tana tafiya, ban yi magana ba.”

Ya ce, “Na ga sanda kake auna kunnuwan zobe da tsinke. Mai neman maganin hannu, hannu yake aunawa.”

Na ce, “To me ya sa ka bi ni?”

Ya ce, “Wa zai ɗinka maka jirgi?” Can ya ƙara da cewa, “Zancen jakar ne ban sani ba.”

Daga nan bai ƙara magana ba har muka taɓa ƙasa, kuma kwana tara muka yi a hanya kafin ya sake kiran sunana. A cikin kwanakin ne na ciro faifan na shafa bakinsa da yatsa. Numfashi ɗaya ya ishe ni in sami haƙorin, ya gaza 'yan'uwansa tsawo da kaɗan. Na jefa duwatsun a rijiyoyi huɗu na garuruwa huɗu. Faifan kuwa yana nan a jakata, ban gyara shi ba.

Mun dawo Tsamiya Bakwai. Nomau bai ƙara tufka igiya ba, don yatsu biyu ba sa tufka. Ni nake yi yanzu, shi yana zaune yana faɗa mini inda na kwafsa. Da aka tambaye shi abin da ya sami hannunsa, cewa ya yi tsautsayin hanya ne, kuma har yau iyalinsa haka suka sani. Ya ƙi cin abinci da hagu, damansa kuma ba ya iya yanko tuwo. Don haka kullum in an kawo akushi ni nake wanke hannu in yanka, in mulmula, in tsoma a miya, in sa masa tsakanin yatsun nan biyu.

Jiya da rana na miƙa masa loma, ya juya ta ya duba, ya ce, “Shekara goma sha tara, Jatau, har yanzu lomarka a karkace take.”

Na ce, “Haka ne, Yaya.”

Ya ɗan matsa ta da babban yatsansa ta daidaita, ya kai baki. Na sunkuyar da kai na yanko ta gaba.